Tutar Nan Tamu Ce

Rubutun yau yana da ɗan tsawo, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya yi haƙuri ya ajiye shi sai dare. Magana nake so mu yi a kan tutar Najeriya da yadda muke riƙe ta. Na san tun daga nan wani zai ja tsaki ya ce, "Duk abin da ke damunmu, kuɗin makaranta, kuɗin mota, kuɗin garin kwaki, kai tuta ce ta dame ka?" To, ka bari in kai ƙarshe, sannan ka yi mini hukunci.

Duk wanda ya zauna a Jos ya san garin nan ba ya tausayin yadi. Damina ta zo da ruwa da iska kamar da bakin ƙwarya, wani lokaci har da ƙanƙara. Tana wucewa hunturu ya karɓa da hazo da ƙura da sanyin nan mai shiga ƙashi. Tutar da aka ɗaga aka manta da ita a sama, wata uku ya ishe ta ta fita hayyacinta. Koren ya koɗe ya koma kamar miyar kukar da ta kwana, farin ya zama ruwan ƙasa, bakinta ya yayyage ya zama zare-zare. Ka hau keke daga Farin Gada zuwa Terminus, ko daga can ka miƙe zuwa Bukuru, ka riƙa ɗaga kai kana duba sandunan da ke gaban shaguna da makarantu da wuraren aiki. Za ka ga masu kyau, masha Allah. Za ka kuma ga waɗanda in da a ƙasa ka tsince su, ba za ka yarda ka goge takalminka da su ba.

Mu ɗalibai ma muna da namu salon. Ranar 1 ga Oktoba kowa ya sayi 'yar tutarsa a hannun masu talla, a yi kwalliya da kore da fari, a ɗauki hoto a watsa a Facebook da WhatsApp. Kafin la'asar, tutocin nan suna cikin kwata, ana taka su. Na ga ɗakin da aka yi labulen taga da tuta. Na ga inda aka shimfiɗa ta a kan ciyawa aka zauna ana cin gyaɗa da rake. Na ga wanda ya rubuta sunan ɗan takararsa na zaɓen ƙungiyar ɗalibai da babban alƙalami a tsakiyar farin. Babu wanda ya yi haka da mugun nufi, na sani. Abin da ya sa kawai shi ne, a ranmu tuta kayan gwamnati ce, kuma kun san yadda muke yi da kayan gwamnati: famfo ya lalace ba ruwan kowa, kujerar aji ta karye a tura ta gefe, ƙwan lantarki ya mutu a kunna fitilar waya.

Wannan tunanin nake so mu taɓa.

Bari mu fara da asalinta, don da yawanmu mun haddace "kore noma, fari zaman lafiya" tun firamare, amma ba mu san hannun da ya zana ta ba. Ɗalibi ne irinmu. Sunansa Michael Taiwo Akinkunmi, yana da shekara 23, yana karatu a wata kwalejin fasaha a Landan, ya ga sanarwa a jarida cewa ana neman zanen tutar ƙasar da ke shirin samun 'yanci. Ya zauna ya zana ya aika. A 1959 aka zaɓi nasa daga cikin zane fiye da dubu biyu, aka ba shi kyautar fam 100. A zanensa na farko akwai jar rana a tsakiyar farin, alƙalan gasar suka cire ta, aka bar kore, fari, kore. Ranar 1 ga Oktoba 1960, a filin sukuwa na Legas, wanda yanzu ake kira dandalin Tafawa Ɓalewa, aka sauke tutar Ingila aka ɗaga wannan. Ku lura da kyau: ba minista ne ya zana ta ba, ba janar ba, ba gwamna ba. Ɗan makaranta ne da ke fama da sanyin ƙasar mutane, kamar yadda ɗan Sakkwato ko ɗan Maiduguri yake fama da sanyin Naraguta a watan Janairu.

Kwanaki muna zaune da dare muna jiran a kawo wuta, na kawo wannan zance. Wani abokina, wanda yake da baki kamar reza, ya ce, "Malam, ka ƙarasa labarin mana. Shi mai zanen me ƙasar ta yi masa?" Kuma yana da gaskiya a nan. Akinkunmi ya yi shekaru da yawa a Ibadan ba wanda ya tuna da shi, sai a 2014 aka ba shi lambar girma ta ƙasa. Ya rasu ranar 29 ga Agusta 2023 yana da shekara 87, kuma gawarsa ta yi kusan shekara guda ba a binne ba, iyalinsa suna jiran jana'izar girmamawa da aka yi musu alkawari. Abokina ya ɗora da lissafi: yajin aikin malaman jami'a na 2022 da ya cinye mana wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, cire tallafin mai a Mayun 2023 da ya sa kuɗin zuwa gida hutu ya zama abin tunani, 'yan uwanmu da ke ƙauyukan da ba a barci da ido biyu. Ya rufe da cewa, "Ƙasar da ba ta mutunta ni ba, don me zan mutunta tsummarta?"

Ban yi masa musu a kan lissafin ba, domin duk abin da ya faɗa haka yake. Abin da na ce masa shi ne: wanda ya ɓata maka rai daban, tuta daban. Tun 1960 zuwa yau shugabanni nawa aka yi? Farar hula sun zo sun tafi, soja sun zo sun tafi, an sauya babban birni daga Legas zuwa Abuja, an sauya kuɗi daga fam zuwa naira, taken ƙasa ma an sauya shi a 1978, aka sake komawa tsohon a 2024. Tutar nan ita kaɗai ba ta motsa ba. Babu hoton kowa a jikinta, babu alamar jam'iyya, babu sunan ƙabila. In ka yi fushi da mai riƙon gida, ba ka huce haushinka a kan rufin ɗakin da kai ma kake kwana a ciki.

Kuma a Jos wannan magana ta fi nauyi fiye da ko'ina. Ba sai na tuna muku ba. Satumban 2001, Nuwamban 2008, Janairun 2010, da Agustan 2021 lokacin da jihohi suka riƙa turo motoci suna kwashe ɗalibansu. Garin da ake yi wa kirari da gidan zaman lafiya da yawon buɗe ido ya wayi gari unguwanni sun rabu, kowa ya san layin da zai bi da wanda ba zai bi ba in magariba ta yi. Wanda ya zo sabo, kafin a nuna masa ɗakin karatu, an riga an faɗa masa inda ake tsayawa. A irin wannan gari kowa yana da alamarsa. Ƙungiyar ɗaliban kowace jiha tana da kyallenta, ta kowace ƙaramar hukuma haka, 'yan agaji suna da tutarsu, matasan coci masu fareti suna da tasu, jam'iyyu kuwa ba a magana. Ba laifi ba ne, kowa da gidansu. Amma ku nemo mini kyalle guda ɗaya da ɗan Angwan Rogo da 'yar Tudun Wada, Birom da Bahaushe, Ngas da Bafulatani, Tarok da Ibo mai shago a Terminus, za su tsaya a ƙarƙashinsa ba tare da wani ya ji an ci da shi ba. Ni dai guda ɗaya na sani. To abin da ya rage mana guda ɗaya tak, shi za mu bari ya ruɓe a saman sanda?

Wanda ya fara sa na kalli abin da idon basira wani dattijo ne, maigadi a wata makarantar firamare inda na yi aikin koyon koyarwa. Tsohon soja ne, ya yi Laberiya a zamanin ECOMOG. Kullum ƙarfe shida na safe, ko sanyi ya kai yaya, zai fito da hular sanyinsa ya ɗaga tuta. Shida na yamma ya sauke ta. Abin da ya ja hankalina shi ne yadda yake saukewar: a hankali, hannu bisa hannu, kafin ta iso ƙasa ya tare ta da kafaɗa, ya ninke ta tsaf ya sa a cikin wata tsohuwar jaka. Babu shugaban makaranta a wurin, babu mai duba shi, babu wanda zai ƙara masa ko sisi.

Wata rana na ce, "Baba, wannan wahala haka, ai da ka bar ta a sama ta kwana, gobe ma nan za ta koma."

Ya dube ni ya yi murmushi. Ya ce, "Ɗana, kai in ka dawo daga makaranta, a waje kake barin rigarka ta kwana?"

Na ce a'a, Baba.

Ya ce, "To. Ni na ga abokaina da aka dawo da su a cikin akwati, da wannan aka lulluɓe su. Musulmi a ciki, Kirista a ciki, ba a canza wa kowa launi ba. Yanzu in bar ta ta taɓa ƙasa, da wane ido zan tuna da su?"

Daga nan ya ci gaba da ninkinsa, bai ƙara ko kalma ba. Baba yana da nasa ƙorafin, in ya fara zancen fansho sai ka tausaya masa. Amma bai taɓa haɗa fushinsa da tutar ba. Duk lokacin da na wuce ta hanyar barikin Rukuba, wanda aka sa wa sunan Maxwell Khobe, jami'in da ya jagoranci sojojinmu a Saliyo, sai maganarsa ta faɗo mini.

Mu 'yan Arewa ma ai bai kamata a koya mana darajar tuta ba. A tarihinmu, in an ce an ba wane tuta, an ɗora masa amana ke nan. Haka Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya ba su Modibbo Adama da Buba Yero da Yakubun Bauchi, wanda titin da ya ratsa gaban jami'armu yake miƙewa zuwa garinsa. Kowa yana da yadda yake karanta wancan tarihi, musamman a nan kan tsauni, kuma ba shi na zo tattaunawa ba. Abin da nake nufi shi ne, a harshenmu tuta ba ado ba ce. Har yau in yaro ya yi abin kirki a wani wuri sai a ce ya ɗaga tutar gidansu. Kowace al'umma da yadda take nuna wannan. Saudiyya ba ta sauke tutarta zuwa rabin sanda ko da sarki ne ya rasu, saboda kalmar shahada da ke jiki. Su sun san abin da suke girmamawa. Mu fa?

Akwai kuma doka, ko da yake ba da ita nake son tsorata kowa ba. Sashe na 24 na kundin tsarin mulkin 1999 ya lissafa girmama tuta cikin wajiban kowane ɗan ƙasa, tare da taken ƙasa da alkawarin mubaya'a. Tun 1960 akwai dokar tuta da tambarin ƙasa, wadda ta ce laifi ne mutum ya ɗaga tuta ko ya nuna ta alhali ta lalace ko an ɓata ta. Tarar da ke ciki naira 100 ce. E, kun ji daidai, kuɗin da ko keke ba zai kai ka Terminus ba. Wannan ya nuna muku ba tsoron tara ne zai gyara lamarin ba. In ba mu ga abin a matsayin namu ba, ko an mayar da tarar miliyan ba za a fasa ba.

To mene ne ƙa'idar? Ba ta da wuya, wallahi, kuma shugabannin ƙungiyoyinmu su suka fi buƙatar saninta, domin su ne masu shirya taro.

Na farko, siffarta. Tsawonta ninkin faɗinta ne: in faɗin yadi ɗaya ne, tsawon yadi biyu. Kashi uku ne daidai wa daida, a tsaye, kore a gefe da gefe, fari a tsakiya. In za ka kai wa tela, ka faɗa masa haka, kada ya ɗinko maka farin ya fi koren faɗi don yadin ya gaza. Kuma ba a rubutu a jikinta, ba a manna mata hoto ko tambarin ƙungiya.

Na biyu, lokaci. Ana ɗaga ta da safe, a sauke ta da faɗuwar rana. Wannan ba bikin banza ba ne, a garin ruwa da raɓa irin namu shi ne ke sa ta daɗe. A ɗaga da kuzari, a sauke a natse, kuma kada ta taɓa ƙasa. In ana ɗagawa ko ana saukewa kana kusa, ka tsaya cak na ɗan lokacin nan. Minti ɗaya ba zai sa ka rasa lacca ba.

Na uku, matsayi. In za a jera ta da tutar ƙungiya ko ta jiha ko ta makaranta, babu wadda za ta fi ta tsayi ko girma, ita ake fara ɗagawa, ita ake saukewa a ƙarshe. Ba a shimfiɗa ta a tebur a ɗora mata lemo da ruwan leda. In ana son ado a ranar al'adu, a sayi yadi kore da fari a yi ado da shi, ita kuwa a ba ta sandarta.

Na huɗu, makoki. In hukuma ta ce a sauke tuta zuwa rabin sanda, kamar kwana bakwai da aka yi bayan rasuwar tsohon shugaban ƙasa Muhammadu Buhari a Yulin 2025, ba a tsayar da ita a tsakiya kai tsaye. Sai an kai ta ƙololuwa tukuna, sannan a sassauto. Da yamma ma a mayar da ita sama kafin a sauke.

Na biyar, tsufa. In ta yi datti a wanke. In bakinta ya fara zarewa a kai wa tela ya kalmashe. In ta gama aiki, a sauya ta, tsohuwar kuma a kawar da ita a keɓe cikin mutunci, kada a jefa ta bola ko a mayar da ita tsumman goge allo. Tutar da ta yage, gara sanda ta tsaya ba komai har a samo sabuwa.

Saura magana ɗaya, ita ce mai zafin. Wani zai ce girmama tuta yana nufin a yi shiru a kan zalunci. Ko kusa. Ku tuna daren 20 ga Oktoba 2020 a Lekki, matasa suna riƙe da wannan tutar suna rera taken ƙasa. Sun riƙe ta ne don su ce ƙasar tasu ce, suna da haƙƙi a cikinta. Ku kuma tuna Agustan 2024, lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa, da aka ga wasu matasa a Kano da Kaduna suna ɗaga tutar Rasha. Yunwarsu gaskiya ce, fushinsu gaskiya ne. Amma daga ranar da baƙuwar tutar ta fito, zancen ya bar kan farashin shinkafa da mai ya koma kan cin amanar ƙasa. Aka kama teloli, aka kama yara, har muka ga ƙananan yara suna faɗuwa a kotu a Abuja a watan Nuwamba kafin a sake su. Abin da aka yi wa yaran nan bai dace ba, kuma sai da ƙasa ta yi caa aka janye. Darasin da na ɗauka shi ne, mai kuka da tutar ƙasarsa a hannu yana cewa "ku ba ni haƙƙina," ba mai iya ce masa bare. Wanda ya ari ta wasu kuwa, ya miƙa wa masu neman rufe bakinsa sandar dukansa. A wannan zanga-zangar dai, a nan Jos, an ga Kiristoci sun tsaya suna gadin Musulmi har suka idar da salla. Wanda ya san garin nan ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Don haka ga roƙona, kuma ba ya buƙatar kasafin kuɗi. Shugabannin ƙungiyoyin jihohi da na sassa, kafin taronku na gaba ku buɗe kabad ku duba tutar da kuka gada, in ta mutu ku yi karo-karo, kuɗinta bai kai na lemon manyan baƙi ba. Masu zuwa koyon koyarwa da masu shirin bautar ƙasa, in kun tarar da yagaggiya a inda aka tura ku, ku yi magana cikin ladabi, ko ku kai wa tela da kanku. Ranar 1 ga Oktoba, in an gama hoto, ka ninke 'yar tutarka ka sa a jaka, baɗi ma za ta yi maka. In ka ga wata a ƙasa, ka sunkuya ka ɗauka. Ba sai ka yi wa kowa wa'azi ba, wanda ya gan ka ya gani.

Ɗaga tuta mai tsabta ba zai sauke farashin masara ba, ba zai biya wa kowa kuɗin makaranta ba, na yarda. Amma hannun da ya saba ɗauke tuta daga kwata, shi ne gobe zai rufe famfon da ba nasa ba, ya kula da asibitin da ba na ubansa ba, ya riƙe kuɗin da aka ba shi amana. Mu ne za mu zauna a ofisoshin nan nan da shekara goma. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Wanda ya ga gyara a maganata ya faɗa, ɗan'uwa ne ya rubuta. Allah Ya zaunar da Filato lafiya, Ya zaunar da Najeriya lafiya, Ya ba mu sa'ar jarabawa. Ku gaida mutanen hostel, a kuma riƙa sa rigar sanyi.